Bayanin kayan aiki: yadda ake gane ko yana yi wa wakilin AI jagora ko ɓatar da shi yake yi

A watan Disamban 2025 kamfanin Anthropic ya miƙa ragamar MCP ga wata sabuwar gidauniya da ke ƙarƙashin Linux Foundation. MCP ƙa'ida ce da kamfanin ya fitar a Nuwamban 2024 domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, su riƙa haɗuwa da sauran manhajoji ta hanya guda, kuma kafin shekara ta zagayo OpenAI da Google da Microsoft duk sun rungume ta. Labarin bai yi amo a Damagaram ba, tunda ba farashin hatsi ba ne. Amma ya shafi duk matashin da ke rubuta manhajar lissafi ga wani shago a Kasuwar Dole, ko farmasi, ko ƙungiyar manoma a Mirya, domin jona irin wannan manhaja da AI yanzu ya zama aikin yini guda. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an jona: ta yaya za a san AI ɗin ya gane abin da aka ɗora masa a hannu? Amsar, galibi, tana cikin ƴan layukan rubutu da mai shagon ba zai taɓa gani ba.

Wakili, kayan aiki, da bayani

Yawancin mutane sun san AI a matsayin abokin hira a salula: ka tambaya, ya amsa. Wakilin AI ya wuce nan. Ba amsa kawai yake bayarwa ba, aiki yake zartarwa: ya duba kayan da suka rage a sito, ya rubuta bashi, ya tura saƙo, ya yanki tikiti. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana yin sa ne ta wata ƙofa da mai rubuta manhaja ya buɗe masa, ita ake kira kayan aiki.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne wakilin ba ya ganin cikin manhajar. Bai san yadda aka gina ta ba, bai taɓa shiga shagon ba. Abubuwa uku kaɗai ake miƙa masa game da kowane kayan aiki: sunansa, da bayanin abin da yake yi cikin magana ta yau da kullum, da jerin guraben da za a cike, waɗanda ake tsarawa a wani fasali mai suna JSON. Da waɗannan ukun yake yanke shawarar wanne zai ɗauka, yaushe, da me zai zuba a kowane gurbi. Sai manhajar ta aiwatar, ta dawo masa da sakamako, ya karanta, ya ɗauki mataki na gaba. Halinsa kamar na yaron shago ne mai ƙwaƙwalwa da aka kawo jiya daga wani gari, maigida ya yi tafiya, ba shi da wanda zai tambaya sai ƴan takardun da aka manna a jikin durowoyi.

Ga misali a kusa. A ce kayan aikin sunansa aika_kudi, bayaninsa "Yana aika kuɗi", gurabensa biyu: lamba da adadi. Wanda ya rubuta shi ya san yana nufin lambar salula mai alƙaluma takwas, ba tare da 227 a gaba ba, kuma adadin a tamma ta sefa ne. Wakilin bai sani ba. Sai ɗan kasuwa ya ce masa: "Tura wa direba dala ɗari huɗu." Duk ɗan Damagaram ya san tamma 2,000 ke nan, tunda dala ɗaya tamma biyar ce. Wakilin na iya rubuta 400 a gurbin adadi, manhajar ta karɓa ba musu, domin 400 lamba ce lafiyayya. Ba abin da ya lalace a kwamfuta, babu jan rubutu, sai dai direba a tasha yana duba salularsa yana ganin kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin mansa. Idan aka ce "jikka biyar" haɗarin ya fi haka: 5 maimakon 5,000.

Yanzu a sake bayanin: "Yana aika kuɗin sefa daga asusun shago zuwa lambar salula ta Nijar. Adadi a tamma ake rubuta shi. Dala ɗaya tamma 5 ce, jikka ɗaya tamma 1,000. Idan mai magana bai fayyace sefa ko naira ba, a tambaye shi. Kuɗin da ya fita ba ya dawowa, don haka a maimaita masa suna da adadi, a jira amincewarsa." Manhajar ba ta canja ba ko da layi ɗaya. Halin wakilin ne zai canja.

Yadda aka zo nan

Tunanin barin manhajar harshe, wato AI mai hira, ta yi amfani da kayan aiki ya fara ƙarfi ne a 2022, lokacin da masu bincike daga jami'ar Princeton da Google suka fitar da dabarar ReAct, inda manhajar ke yin tunani, ta ɗauki mataki, ta duba sakamako, ta sake tunani. A farkon 2023 Meta ta fitar da Toolformer, manhajar da ta koya wa kanta kiran kayan aiki. A Yunin shekarar OpenAI ya buɗe wa masu rubuta manhaja hanyar da za su bayyana kayan aikinsu ga GPT, manhajarsa ta AI, kuma fasalin da ya yi amfani da shi, wato suna da bayani da gurabe, shi ne ya zama ruwan dare. MCP ya zo ya sa wanda ya rubuta kayan aiki sau ɗaya zai iya jona shi da wakilai na kamfanoni daban-daban.

Sauƙin ne ya haifi matsalar. Dubban kayan aiki sun cika intanet cikin ƴan watanni, da yawansu an kwaso bayaninsu ne kai tsaye daga tsofaffin takardun da aka rubuta don ƙwararrun masu manhaja. Shi ƙwararre idan bai gane ba zai gwada, ya tambayi abokin aiki, ya buɗe cikin manhajar ya duba. Wakili kuwa cike giɓin yake yi da zato, kuma yana yin zaton da cikakkiyar natsuwa.

Inda bayani ke kasawa

Kuskuren cike gurbi, irin na dala da jikka, shi ne mafi saurin ganewa, kuma a nan yankin ƙofofinsa suna da yawa. Gurbin da aka rubuta masa "yawa" kawai a manhajar ƙungiyar manoma: tiya ne, ko kilo, ko buhu? Tiyar hatsi kusan kilo biyu da rabi ce, buhun kilo 100 yakan ɗauki wajen tiya 40, buhun shinkafa kuma na iya zama na kilo 25 ko 50. Kwanan wata 03/04, a tsarin Faransanci da ake bi a Nijar 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. A farmasi wannan bambancin ranar lalacewar magani ne. Mai magana ya ce Damagaram, rumbun bayanai kuma Zinder ya sani. A kasuwannin bakin iyaka irin su Magarya da Dungas, "dubu goma" na iya zama naira, na iya zama sefa.

Akwai kuma kuskuren zaɓi. Manhaja ɗaya tana da duba_kaya da nemo_kaya, ɗaya yana nuna abin da ke kan kanta, ɗaya abin da ke sito, amma bayanansu kusan iri ɗaya ne. Wakilin zai ɗauki wanda ya fi kama da kalmomin mai tambaya, ba wanda ya dace ba. Yawan kayan aikin ma na ƙara ruɗu. Jagorar OpenAI tana ba da shawarar kada su wuce 20 a lokaci guda.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne lokacin da bai kamata a taɓa kayan aikin ba sam. Mai shago ya ce "wannan bashin ya dame ni", ba umarnin share bashi ya bayar ba. Sai kuma saƙon da manhaja ke dawowa da shi idan abu ya ƙi. "Kuskure 422" bai gaya wa wakili komai ba, zai yi ta maimaita abu ɗaya. "Lambar ta zama alƙaluma takwas, cire 227" kuwa gyara ce nan take. Masu lura suna ɗaukar irin wannan saƙo a matsayin ci gaban bayanin, suna auna su tare.

Manyan kamfanonin ma sun faɗi abin da suka gani a gidajensu. Anthropic ya rubuta a Disamban 2024 cewa wakilinsa yana kuskuren adireshin fayil idan ya sauya babban fayil ɗin da yake aiki a ciki. Da aka tilasta a riƙa ba da cikakken adireshi daga tushe, kuskuren ya kau. A 2025 kuma ya ba da labarin yadda Claude, manhajarsa ta AI, ke liƙa "2025" a ƙarshen kalmomin bincike ba gaira ba dalili, abin da ke karkatar da sakamako, kuma da gyaran bayanin kayan binciken aka magance shi.

Hanyoyin awo

Hanya mafi araha ita ce a karanta bayanin a ba shi maki. Ana tsara ƴan tambayoyi: ya faɗi abin da kayan yake yi? Ya faɗi lokacin da za a guje shi? Kowane gurbi yana da ma'auni da misali? An ambaci abin da zai dawo? Mutum na iya yin wannan, ana kuma iya sa wata manhajar AI ta zama alƙali ta duba ɗaruruwan bayanai cikin minti kaɗan. Jagorar OpenAI tana da wata jarrabawa mai kama da haka: ka miƙa wa sabon ɗan koyo abin da ka miƙa wa wakilin, ba ƙari, duk tambayar da ya yi maka, amsarta ce ta ɓace a bayanin. Masu goyon bayan wannan hanya suna cewa tana kama mafi munin lalaci da wuri, kafin a kashe ko dala. Masu suka suna cewa tana auna kyan rubutu ne. Alƙalin da bai san dala biyar-biyar take tafiya ba zai ba bayanin da bai ambace ta ba cikakken maki, hankalinsa kwance.

Hanya ta biyu ita ce a gwada kira ɗaya. A ba wakili tambaya da jerin kayan aiki, a duba ko ya zaɓi daidai, ya cike gurabe daidai. Allon gasar da jami'ar Berkeley ta buɗe a 2024, wanda aka sani da BFCL, haka ya fara, kuma ya haɗa da tambayoyin da amsarsu ita ce kada a kira komai. Wannan ya fi karatu ƙarfi, don hali ake gani, ba alkawari ba.

Ta uku ita ce a ba wakilin aiki sukutum, a duba ƙarshensa. Gwajin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a Yunin 2024 yana haɗa wakili da abokin ciniki na kwaikwayo, a harkar kanti da ta jirgin sama, sannan a duba rumbun bayanai bayan an gama: an mayar da kuɗin daidai? An canja tikitin da aka ce? A lokacin, GPT-4o na OpenAI bai kai rabin ayyukan ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne maimaici: da aka nemi ya ci aiki guda sau takwas a jere, a ɓangaren kanti nasarar ta faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Wakilin da ke cin kashi 90 a kowane gwaji, idan gwaje-gwajen ba su dogara da juna ba, damar ya ci takwas a jere kusan kashi 43 ce. Saboda haka nunin da ake yi wa mai shago sau ɗaya a kan tebur, komai ya tafi sumul, ba hujja ba ce.

Sai dai a kula: BFCL da tau-bench an gina su ne don a gwada ƙarfin manhajojin AI da juna, bayanan kayan aiki na nan yadda suke. Mai son auna bayani sai ya juya lamarin. Ya riƙe wakili guda da jerin ayyuka guda, ya canja bayanin kaɗai, ya maimaita kowane aiki sau da yawa, ya ƙirga. Ba nasara kawai ake ƙirgawa ba, har da yawan kiran da aka yi kafin a kai ga ita, da kurakuran da aka ci karo da su, da kuɗin da aka ƙona. Kuma a ware wasu ayyuka a gefe waɗanda ba a duba su lokacin gyara, don kada bayanin ya zama an ɗinka shi daidai jikin tambayoyin gwaji kawai.

Nauyin wannan hanya duka yana kan jerin ayyukan. Idan mai manhajar ne ya zauna ya rubuta su da tsabtataccen Faransancinsa, "envoyer 2000 francs", to bayanin farko na aika_kudi zai ci jarrabawa, dala kuma ba za ta taɓa fitowa ba. Jerin da ke da amfani daga bakin masu shagon ake ɗauko shi, da gutsurarren zancensu, da Hausa gauraye da Faransanci, da "tura masa kamar na jiya", da canjin ra'ayi a tsakiyar magana. Ayyuka talatin irin waɗannan sun fi ɗari uku da aka ƙaga a ofis. Sunaye da lambobin abokan ciniki dai a musanya su da na ƙarya kafin gwaji. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017.

Abin da ake jayayya a kai

Tsawo shi ne na farko. Jagorar Anthropic tana son aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, fiye ma idan yana da sarƙaƙiya. Ɗaya ɓangaren na tunatar da cewa duk bayanan ana tura su ga wakili a kowane zagaye, ana biyan kuɗinsu da dalar Amurka gwargwadon gutsattsarin kalmomi, wato ƙananan yankunan da AI ke yanka rubutu yana ƙirgawa, kuma suna cinye wurin da zai riƙe zancen mai shago. Duka biyun suna da gaskiya, kuma awo ne ke raba gardamar: jimlar da aka cire ba abin da ya canja, ba ta da aiki a wurin.

Na biyu ya fi zurfi. Wasu injiniyoyi suna ganin dogaro da bayani kasada ce, domin bayani roƙo ne, wakili na iya bi, na iya saɓawa. A ganinsu duk abin da za a iya kullewa a cikin manhaja a kulle shi: gurbin kuɗi ya karɓi "sefa" ko "naira" kawai, manhajar ta ƙi duk adadin da ya haura iyaka, ta nemi mutum ya danna amincewa kafin kuɗi ya fita. Masu kare bayani ba su musanta wannan ba, sai dai suna cewa kulle yana hana mummunan kira ne, ba ya koya wa wakili kyakkyawa. Manhaja ba ta da yadda za ta san 400 ɗin nan 2,000 ake nufi. Misalin adireshin fayil na Anthropic ma gyaran gurbi ne, na "2025" kuma gyaran rubutu. A aikace ana bukatar duka biyun, kuma a wurin kuɗi da magani kulle ne ya kamata ya zama na ƙarshe.

Akwai masu cewa sabbin manhajoji sun yi wayo, za su gane ko da bayanin ya gaza. Ga abin da ke rubuce a intanet, sau da yawa haka ne. Amma cewa a wannan shagon "sito na biyu" yana nufin ɗakin da ke Sabon Gari, babu wayon da zai kai wakili can. Kuma bayanin da ya yi aiki da wannan wakili ba lalle ya yi da wancan ba, don haka duk ranar da aka sauya manhajar AI sai a sake awo.

Harshen bayanin ma abin gwadawa ne. Manhajojin sun fi ƙwarewa a Turanci, rubutun Hausa kuma yakan ci gutsattsari fiye da na Turanci, wato ya fi tsada. Abin da ya fi yiwuwa shi ne bayani da Turanci ko Faransanci, misalan ciki kuma da Hausar kasuwa. Ba doka ba ce. A rubuta iri biyu, a ƙirga.

Sai batun tsaro, wanda ke nuna iyakar awo da nasara kaɗai. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, ya kwashi bayanan sirri, mai amfani kuma bai ga komai a allonsa ba. Sun kuma nuna cewa ana iya canja bayani bayan mutum ya riga ya amince da shi. Irin wannan bayani yana yi wa wakili jagora sosai, zuwa inda mai shi yake so. MCP yana da alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya sharewa, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a yarda da su idan ba a amince da wanda ya rubuta ba. A nan karatun ido ya dawo da darajarsa.

Abin da ya shafi mai shago da abokin cinikinsa

Mai biyan kuɗin aikin ba sai ya san JSON ba kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Yana iya cewa a karanta masa bayanin kowane kayan aiki da Hausa, domin shi ya san abin da ya ɓace. Ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana auna hatsi zai kama giɓin tiya da buhu kafin injiniya. Yana iya neman a gwada da zancen yaransa na shago, a maimaita a gabansa sau goma, ya ga sau nawa aka yi daidai. Yana iya tambaya waɗanne ayyuka ne ba sa komawa baya, kuma wa ke danna amincewa kafin su wuce. Idan an ɗauko kayan aiki daga intanet, wa ya rubuta shi, kuma za a sani idan ya canja?

Ga matasan da ke fitowa daga sashen kwamfuta na jami'ar André Salifou da sauran makarantu, aikin ya ƙaru da wani ɓangare da ba a saba saka shi a farashi ba. Tara ayyukan gwaji na bukatar zama a shago ana saurare, maimaita su kuma na cin mega da kuɗin kira da ake biya da katin banki na waje. Wanda ya saka wannan a lissafinsa zai fi tsada a kan wanda ya jona ya tafi, kuma mai shago ba zai ga bambancin a ranar nuni ba.

Abokin ciniki shi ne a ƙarshen layi. Shi ne za a rubuta wa bashin buhu alhali tiya ya ɗauka, kuma littafin da zai yi gardama da shi yanzu kwamfuta ce, wadda mutane suka fi gaskatawa a kan baki. Abin da zai iya ceton sa shi ne a ajiye tarihin kowane kira: abin da aka ce wa wakili, kayan aikin da ya ɗauka, da abin da ya zuba a gurabe. Da wannan tarihi ake gane ko yaron shago ne ya yi kuskuren faɗa, ko wakili ne ya yi zato, ko bayanin ne ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana. Kuma kowane kuskure da aka kama ta nan sai ya shiga jerin ayyukan gwaji, a gyara bayanin, a sake ƙirga.